Sallamar da Kaka Ya Bari a Kaset ɗin Dodanni

Ranar Talata, cikin watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kaka a wani asibiti na birnin Lyon. Mu uku ne a bakin gadon: ɗansa tilo, da Alhaji abokinsa tun na Damagaram, da ni. Alhaji ne ya shafe masa idanu. Ma'aikaciyar jinya ta shigo daga baya, ta duba agogonta, ta rufe taga. An yi masa sutura ranar Alhamis, bayan an gama takardu, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta da ke bayan gari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kaka ƙanin kakata ne, wadda ta haifi uwata. Ɗansa kuwa Kawu nake ce masa, ko da yake na girme shi. A Lyon aka haifi Kawu. Uwarsa Baturiya ce 'yar garin, sun rabu da Kaka tun Kawu yana makaranta, kuma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Ni a Stains nake zaune, kusa da Paris, ina aikin fassara da karanta labarai da Hausa. A duk faɗin Faransa mu biyun nan ne dangin Kaka na jini.

Ranar Lahadi aka yi sadaka a gidansa, ɗaki biyu a hawa na tara na wani dogon bene a Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, har da waɗanda suka taso daga La Courneuve, can kusa da Paris, tun da asuba. Duk wanda ya yi gaisuwa, magana biyu yake faɗa: mutumin kirki ne, ba ya shiga harkar kowa. Na yi ta jin wannan har na gane cewa yawancinsu ba su taɓa hawa benen nan yana da rai ba.

Kafin mutane su iso, Alhaji ya ɗauki zanen gado ya rufe kantar da ke jikin bangon falo. Zanen bai kai ƙasa ba. Layin ƙarshe na kaset-kaset ɗin bidiyo ya rage a waje. Wata Hajiya da ta zo daga Paris ta sunkuya ta ɗaga gefen zanen.

"Duk wannan wa'azi ne? Kai, Allah ya ba shi lada."

Ta zaro ɗaya, ta ga hoton wani ƙaton dodo rungume da dogon bene, wuta na fita daga bakinsa. Ta mayar da shi a hankali, ta goge hannunta da mayafi.

Finafinan dodanni ne na Japan, irin na dā, waɗanda wata ƙatuwar halitta take fitowa daga teku ta tattake birni. Kaka ya yi shekaru yana tara su.

Bayan an shafa addu'a, Alhaji ya ciro kaset ɗin tafsiri daga aljihun rigarsa, ya miƙa wa Kawu ya saka don mutane su saurara. Kawu ya kunna tele, ya ga akwai wani kaset a cikin bidiyon, ya kai hannu zai fitar da shi, sai ya danna maɓallin da ba shi ba. Ga teku a allo, ga wani ƙaramin jirgin masunta. Sai muryar Kaka ta cika falon, garau, kamar yana tsaye a bayan labule.

"Bismillahi. Jama'a, salamu alaikum."

Muryar ta dakata. Malamin da ya ja addu'a yana riƙe da dabino a hannu, ya amsa da ƙarfi kafin ya san wa yake amsa wa: "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah." A kicin wata ta saki murfin tukunya.

"Madalla," in ji muryar. "Na baya, kuna ji? Mai gyaɗa, koma gefe, ka tare wa mutane."

Alhaji ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango.

Wasu suka yi salati. Wani ɗalibi ya toshe baki ya fita matakala, muna jin dariyarsa daga can. Hajiyar Paris ta ce tsigar jikinta ta tashi, ta nemi ruwa. Kawu ya tsaya da kaset ɗin tafsiri a hannu yana kallon baƙin allo.

Da jama'a suka watse, muka rage mu huɗu: Alhaji, Malam, Kawu da ni. Ofishin gidajen ya riga ya sanar cewa ƙarshen wata za a karɓi makulli.

"Waɗannan abubuwa su bar gidan nan," in ji Alhaji. "Kun ga abin da ya faru. Dattijo yana kabari ana yi masa dariya a matakala."

Kawu ya ɗaga kafaɗa. "Je comprends rien, de toute façon," ya ce, wato shi dama ba ya gane komai a ciki, a zubar.

"A shara dai ba za a zuba ba," in ji Malam. "Da sunan Allah ya fara. Kun ji da kunnenku."

Alhaji ya ce ya san wani mutum a Vénissieux, nan gefen Lyon, mai injin kwafar kaset. A kai masa su duka, ya ɗora tafsiri a kansu, a raba wa masallatai, ladan ya dinga isa ga mamacin. Malam ya ce wannan shawara ce mai kyau. Kawu ya ce to. Aka tsayar da Asabar mai zuwa don kwashe kaya.

Ni ban yi magana ba. Ba ni ce magajiya ba, kuma maganar Alhaji ba ta mugunta ba ce, ya fi kowa son abokinsa ya sami lada. Amma a jirgin komawa Paris na lissafa abin da Kaka ya bari a duniya: riguna, tukwane, kujera guda mai hannu, da muryarsa. Muryar kuma a kan kaset ɗin nan kaɗai take. Ranar Asabar za a shafe ta.

Kafin ya zo Faransa, Kaka ne mai juya injin silima a Damagaram. Silima ce marar rufi, da bencuna a gaba, da kujeru a baya ga masu hali. Finafinan da Faransanci suke zuwa, yawancin masu kallo kuma ba sa ji, don haka mai silimar ya ba shi lasifika ya dinga gaya wa mutane abin da ke gudana. Kakata ta ce akwai masu tambaya a bakin ƙofa ko shi ne zai yi magana, in ba shi ba ne su koma gida da kuɗinsu. Na kaboyi da na Indiya yana yi. Amma na dodanni su ne nasa, domin a cikinsu yake sauke birnin Tokyo ya ɗora Damagaram a wurinsa. Dodo ya fito ta unguwar Birni, ya bi ta unguwar Zengu, ya nufi kasuwar Dole. In ya take wani gini, Kaka ya faɗi gidan wane ne, a yi ta ihu, mai gidan ma yana cikin masu dariya.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ya zo Lyon da niyyar yin shekara biyu. Ya yi aiki a masana'anta har ya yi ritaya. Ya koma gida sau kaɗan, zuwansa na ƙarshe ya tarar silimar ta zama wurin ajiye buhunan siminti. Bai sake maganar komawa ba.

Shekarar da na iso Faransa, sanyin farko ya kusa mayar da ni gida. Ina kwana ina tashi a ɗaki ɗaya, Hausar da nake yi kuma ta aiki ce, wadda ake auna kowace kalma kafin a furta. Wata ranar Asabar na shiga jirgi na tafi Lyon ban sanar da shi ba. Ya buɗe ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa.

"A'a, uwargida. Yaji kika yi daga Paris?"

"Na zo duba tsohon mijina ne, ko ya mutu ba a gaya mini ba."

"Ina nan. Sai na ga bayan kishiyoyina na Paris."

Haka muke da shi, wasan kaka da jika. Bai tambaye ni abin da ke damuna ba. Ya ɗumama miyar kuka, ya tuƙa tuwon semolina, ya zaunar da ni a kujerarsa mai hannu, ya saka kaset, ya kashe sautin. Ya tsaya gefen tele da hannu ɗaya a baya. Dodo ya fito daga teku ya nufi unguwarmu. Ya wuce gidan kakata bai taɓa ba, "don ya san bakinta." Ya take shagon telan da ya taɓa ɓata mini ɗinkin salla, wanda ban san Kaka ya san labarin ba. Na yi dariya har numfashina ya sarƙe, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka. Bai dakata ba, bai kuma dube ni ba. Ya ci gaba da rusa Damagaram har na share fuska.

A kullum goyon bayan dodon yake yi. Sojoji da igwoginsu ba sa burge shi. "Baƙo ne," yakan ce. "Ya fito daga ruwa, ba wanda ya ce mishi sannu da zuwa, sai harbi." In dodon ya juya wutsiyarsa ta share unguwa guda, sai ya ce, "Ba mugunta ba ce. Garin ne ya yi mishi kaɗan." Wurin da ya fi so shi ne ƙarshe, lokacin da halittar take ba wa birni baya ta shiga teku ita kaɗai. Nan ba ya cewa komai. Yakan bari ruwa ya rufe kanta, sannan ya ce, "To, a sauka lafiya," ya mayar da kaset ɗin farko. Bai taɓa barin kaset a tsakiya ba, ko da wuta ce ta ɗauke. Ya ce ɗabi'ar silima ce, ba a mayar da fim cikin gwangwani sai an naɗe shi.

Masu fitar da waɗannan finafinai a kaset a Faransa ba su ɗauke su da daraja ba. Fim ɗaya sai ya fito da suna uku a kamfani uku. Hoton kwali daban, abin da ke ciki daban: a zana dodo mai fukafukai, ka saka ka ga ƙaton kaguwa. Sannan fim ɗin silima mai faɗi ne, tele kuma kusan murabba'i, sai su datse gefe da gefe. "Sun yanke wa fim kunnuwa," in ji Kaka. Akwai wani da dodanni biyu suke fuskantar juna, amma a kaset ba ka ganin ko ɗaya, sai tsaunin da ke tsakaninsu da ƙarar gurnani. Kaka ya nuna mini bangon hagu ya ce ɗaya yana nan, ya nuna taga ya ce ɗayan yana can. Ya gan su duka biyu a Damagaram, a allo mai faɗin gida.

A Lyon yakan bi kasuwar tsofaffin kaya ranar Lahadi da safe. Abin da bai samu ba, ni yake aika. Wayarsa gajera ce.

"Uwargida, kin kwana lafiya? Ya Paris? To, saurara. Akwai wani mai ƙaho ɗaya a hanci, yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Kwalin ja ne, in ba su canza ba."

"Sunansa fa?"

"Suna? Ai ƙarya suke rubutawa. Ki duba ƙahon."

Sai in bi shagunan hayar bidiyo da ke sayar da tsofaffin kayansu, ina durƙushe gaban kwandon rangwame cikin rigar aiki, ina duba ƙaho. Akwai fim ɗin da na saya masa sau uku da kwali uku. Bai mayar da ko ɗaya ba. Ya ce a na biyun an bar wani wuri da aka yanke a na farko, inda wata tsohuwa take ɗaure kayanta a zane kafin ta gudu, kuma wannan wurin kaɗai ya isa dalili.

Wani ma'aikaci ɗan Nijar da na sani a Paris ya je Japan taro, na roƙe shi ya sayo kaset na asali. Kaka ya yi wanka ya sa hula kafin ya saka shi. Allo ya yi ta rawa, layuka na gudu sama, ba hoto ba murya. Tsarin bidiyon Japan daban ne da na Faransa, injinsa ba ya karantawa. Ya fitar da shi, ya mayar cikin kwali, ya ɗora a kan tele. "Wannan bai yarda da ƙasar ba tukuna," ya ce. Nan ya zauna, yana goge masa ƙura.

Bayan ya yi ritaya ne ya sayi bidiyo mai ramin mikro, irin wanda ake iya ɗora sabuwar murya a kan hoto. Kaset ɗin da aka saya da fim yana da ɗan rami a gindi da ke hana a yi rikodi a kansa. Kaka ya toshe ramin da tef mai manne, ya shafe Faransancin, ya sa Hausarsa. In ya yi kuskure ya koma baya ya sake. Abin da ya shafe ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

A kan wannan muka taɓa samun saɓani na gaske. Ya saka mini tsakiyar wani da ya gama, wanda na riga na kalla da Faransanci kafin in kawo masa. Akwai wurin da wani masani cikin farar riga yake bayani cewa gwajin bam ne ya tayar da halittar daga barcinta. A bakin Kaka, ga abin da masanin ya ce: "Jama'a, ni ma ban san komai ba, amma an ba ni farar riga, dole in yi magana."

Na ce masa wannan ba fassara ba ce.

"Wa ya ce miki fassara nake?"

"Mutumin nan maganar bam yake. Mutanen Japan an jefa musu shi da gaske, Kaka. Don haka suka yi fim ɗin. Ka mai da shi abin dariya."

"Ke kina gaya wa mutane abin da aka ce. Ni ina gaya musu abin da ake yi. Dubi hannunsa, rawa yake."

"Ka faɗi rawar hannun, ka faɗi bam ɗin."

Ya kashe tele. Ya ce ya san maganar bam tun kafin a haife ni, amma mutumin da ya wuni yana ɗaukar buhun gyaɗa a ka bai biya kuɗin benci don a ƙara masa nauyi ba. Na ce wannan mutumin ma yana da haƙƙin ya sani. Har yau ina kan maganata, shi ma ya tafi a kan tasa. Mun ci abinci tare a ranar, ya raka ni tashar bas, ya ce in gaida kishiyoyinsa. Na ci gaba da sayo masa kaset. Amma bai sake saka mini wanda ya ɗora wa murya ba, ni ma ban tambaya ba. Shi ya sa ban taɓa jin yadda yake buɗe su ba sai ranar sadaka.

Ranar Asabar ɗin kwashe kaya, asansar, injin hawa benen, ya lalace. Ina hawa matakala na haɗu da matar da ke zaune a hawa na takwas, ƙarƙashin falonsa. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce kakan nawa mutum ne mai jama'a. Kusan kowace rana bayan azahar tana jin sa yana magana da ƙarfi, ya yi shiru, ya sake magana, ya yi dariya. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, baƙin nasa ba sa motsa kujera, kuma ba ta taɓa gamuwa da su a matakala ba. Na yi mata godiya na wuce.

Na tarar Alhaji ya kawo kwalaye daga kantin unguwa, Kawu yana naɗe labule. Muka fara da kicin, muka koma ɗakin kwana. Kantar falo muka bari ƙarshe. Alhaji ya yaye zanen gadon, ya fara jera kaset a kwali yana juya hotunan ƙasa. Kawu ya je zai cire wayoyin bidiyo, sai ya tsaya a durƙushe.

"Ranar nan," ya ce mini da Faransanci, "bayan sallama, me ya ce?"

Na ce ya tambayi na baya ko suna ji, ya kori mai gyaɗa gefe.

"Et après?" Wato, sai kuma me?

Na ce ban sani ba, a nan aka zare waya.

Ya mayar da wayar bango. Kaset ɗin ya ci gaba daga inda aka katse shi, jirgin masunta yana lilo a kan ruwa.

"Yauwa," in ji Kaka. "Benci na gaba, wurin tsakiya, kada kowa ya zauna. Na ɗana ne. Yana hanya."

Na fassara masa kalma bayan kalma, yadda aka koya mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Kawu ya dakatar da kaset ɗin. Ya ce in sake faɗa. Na sake.

"A wannan kaɗai ya faɗa?"

Ya zaro wani daga kwalin Alhaji ya saka. Bismillahi, sallama, shiru, madalla, na baya, mai gyaɗa, benci na gaba. Ya saka wani. A wannan Kaka ya ce, "Ya yi latti yau, amma ku bar mishi." Ya saka wani daga layin sama, na baya-bayan nan, inda muryar ta riga ta yi rauni, ana jin numfashi tsakanin kalmomi. A nan cewa ya yi, "Wurin nan dai ku bar shi."

Kawu ya zauna a ƙasa. Ya ce lokacin da bidiyo ya fara shiga gidan yana sakandare, ya kawo abokansa kallo, babansa ya tsaya gefen tele ya fara magana a kan fim ɗin da Hausa. Abokan suka fara ƙyafta ido. Shi kuma ya ce, a gabansu, "Papa, tais-toi, on veut écouter," wato Baba ya rufe baki, suna son su saurara. Baban ya yi shiru, ya shiga kicin. Bai yi faɗa ba, bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake yin magana a kan fim a gabansa ba. Kawu ya ce shi ya ma manta, sai yanzu.

Alhaji ya sauke nauyinsa a kan wani kwali da aka riga aka ɗaure. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Mai gyaɗan nan ni ne," ya ce.

Muka dube shi.

"Ni ne. Da tire a ka, a bakin allo, don nan haske yake. Kullum sai ya kore ni ta lasifika, gari duka yana ji. Na zo Faransa, na je Makka, na aurar da ɗiya uku, mutumin nan bai bar korata gefe ba." Ya ja hanci. "Ranar sadaka da na ji, na ce yanzu zai ambaci sunana a gaban mutane."

Na fassara wa Kawu wannan ma. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito sosai ba. Sannan ya tambaye ni me ya sa babansa yake tsayawa bayan sallama, ko injin ne.

Na ce ba injin ba ne. Jira yake a amsa.

Ya fitar da kaset ɗin da ke ciki, ya mayar da na ranar sadaka, ya naɗe shi zuwa farko. Ya ja jiki ya daidaita a tsakiyar falon, gab da tele, ya tanƙwashe ƙafa. Teku ya fito.

"Bismillahi. Jama'a, salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Baba," in ji Kawu, da harshensa na Lyon.

"Madalla," in ji Kaka.

Mun kalli wannan kaset ɗin har ƙarshe, mu uku, a falon da ba labule. Ban fassara komai ba, Kawu bai nema ba. Alhaji ne yake dariya a wuraren da aka bar wa dariya, domin ya san masu gidajen da ake rusawa. Shi ne kaset na ƙarshe da Kaka ya yi aiki a kansa kafin a kwantar da shi asibiti, kuma bai gama ba. Dodon yana tsakiyar kasuwar Dole, Kaka yana cewa masu tumatir su kwashe kayansu, sai aka ji ɗan ƙas, Faransanci ya dawo, wani soja yana ba da umarni. Haka fim ɗin ya ƙare, da muryoyin da ba mu sani ba. Da dodon ya shiga teku, Kawu ya naɗe kaset ɗin zuwa farko kafin ya fitar.

Ya ce kaset-kaset ɗin ba za su je Vénissieux ba. Alhaji bai yi gardama ba. Ya ce zai sayi sababbi marasa komai da kuɗinsa, a ɗora tafsirin a kansu, ladan dai ya isa inda aka nufa. Shi ya ɗauki kwalin farko ya sauka da shi hawa tara, yana hutawa a kowane hawa, ya hana a karɓa masa.

An mayar da makulli ranar Litinin. Kaset-kaset ɗin suna gidan Kawu a Villeurbanne, tare da bidiyon da mikro ɗin. An raba na tafsirin a sadakar arba'in. Na Japan ɗin yana wurina a Stains, a kan tele, kuma har yau ban sami injin da zai karanta shi ba.